Akwatin ƙidayar ƙwayoyin haske: abin da yake iyawa da abin da takardar talla ta ɗora masa

Wata takwas ke nan da muka karɓi wannan akwati a tashar mota, bayan ya biyo jirgi daga Turai zuwa Yamai, daga can kuma motar safa ta kawo shi Maradi. Mu huɗu ne muka haɗa kuɗinsa, dukkanmu malaman fizik a makarantun lise na garin nan, kuma sai da muka yi fiye da shekara muna zubi kamar masu adashe kafin kuɗin su cika. Da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi, domin ina so akwatin ya sha hunturu ya kuma sha bazara a ɗakin da muka ajiye shi a unguwar Ali Ɗan Sofo, tunda ba a sanin halin kayan gwajin haske a rana ɗaya. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya haɗa shi ba. Ƙananan kamfanoni da yawa suna sayar wa makarantu irin wannan kaya, kuma yawancin abin da zan faɗa ya shafi ginin na'urar da lissafinta ne, ko daga hannun wa ta fito.

A cikin akwatin akwai fitilar leza ta iskar hiliyam da niyon, mai jan haske na tsawon igiya nanomita 633 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na mita) da ƙarfin miliwat ɗaya. Akwai gilasai masu duhu na rage haske, da madubai, da madubi mai raba haske kashi 99 da kashi 1, da wata ƴar na'ura mai juya takun igiyar haske bisa umarnin kwamfuta. Zuciyar kayan kuwa ita ce ido mai ƙidaya, wato wani ɗan guntun silikon da ke bugawa sau ɗaya idan ƙwayar haske guda ta faɗa masa, tare da allon lantarki mai rubuta lokacin kowane bugu. Jimla ɗaya ce a takardar talla ta ja hankalinmu, inda aka ce da wannan akwati ɗalibi zai gina na'urar karɓa irin ta Kennedy, ya kuma ga da idonsa yadda take zarce iyakar kwantum ta yau da kullum. Hukuncina tun daga farko shi ne wannan: akwatin kayan koyarwa ne mai kyau ƙwarai, kuma ban yi da-na-sanin kuɗina ba, amma wancan alkawari bai cika ba, kuma ba zai cika ba a hannun kowa, domin lissafin kayan da kansa ya hana.

Dole ne in yi bayanin matsalar kafin in shiga aibi da yabo, in ba haka ba mai karatu ba zai san abin da ake aunawa ba. Hasken leza igiya ce mai hawa da sauka a kan taku ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya san abin da nake nufi da taku: taɓaryar ɗaya tana sama lokacin da ta ɗayar ke ƙasa, ƙarfinsu ɗaya, saurinsu ɗaya, bambancinsu kawai wadda ta fara sauka. Mai aika saƙo yana iya aiko da ɗigon haske a kan takun farko ya zama sifili, ko a kan kishiyarsa ya zama ɗaya, aikin mai karɓa kuma shi ne ya faɗi wanne aka aiko. Idan hasken yana da yawa, wannan ba wani aiki ba ne. Wahalar tana farawa ne idan aka rage hasken har ya zama a kowane ɗigo, a matsakaici, babu ko cikakkiyar ƙwaya ɗaya. Roy Glauber ya bayyana yanayin irin wannan haske a 1963, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2005, kuma daga bayaninsa mun san cewa yawan ƙwayoyin da za a samu a ɗigo ba tsayayye ba ne. Idan matsakaicin ya kasance ƙwaya 0.2, to cikin ɗigo 100 kusan 82 babu abin da mai ƙidaya zai gani a cikinsu. Ɗigon sifili da ɗigon ɗaya suna da rabo mai yawa da suka yi tarayya a kansa, kuma babu wayon da zai raba su sarai.

Carl Helstrom ne ya fitar da ainihin iyakar a ƙarshen shekarun 1960, ya kuma tattara aikin a littafinsa na 1976. Abin da ya nuna shi ne akwai mafi ƙarancin kuskure da kowace irin na'ura za ta yi, komai ƙwarewar wanda ya ƙera ta, kuma ana iya lissafa wannan adadi. Ga haske mai ƙwaya 0.2 a ɗigo, idan saƙonnin biyu suna zuwa daidai wa daida, iyakar Helstrom ita ce kuskure 129 cikin saƙo 1,000. Ga haske mai ƙwaya ɗaya a ɗigo, kuskuren ya sauko zuwa kusan 5 cikin 1,000. Wannan ba gazawar injiniya ba ce, halittar haske ce. Sai dai Helstrom ya faɗi inda iyakar take ne, bai ba da zanen na'urar da za ta kai can ba, kuma a cikin wannan tazara ce duk zancen akwatinmu ya faɗa.

Hanyar da aka saba da ita, wadda kamfanonin sadarwa ke amfani da danginta a igiyoyin fiba, ita ce ta homodain: a gauraya ɗan hasken da ya zo da wani haske mai ƙarfi na gida wanda aka san takunsa, a auna ko jimlar ta karkata sama ko ƙasa. Kuskuren cikakkiyar na'urar homodain, wadda ba ta zubar da ko ƙwaya ɗaya, shi ne ake kira iyakar kwantum ta yau da kullum, kuma ya kai 186 cikin 1,000 a ƙwaya 0.2, da 23 cikin 1,000 a ƙwaya ɗaya. A 2008 Masahiro Takeoka da Masahide Sasaki sun tabbatar da cewa a cikin dukkan dabarun da ke auna girman igiya ta wannan salo, babu wadda ta fi homodain wajen raba yanayi biyu, wato ɗigon sifili da ɗigon ɗaya, don haka wanda yake son ya wuce ta dole ya koma ƙidayar ƙwayoyi. Abin da Robert Kennedy na jami'ar MIT a Amurka ya kawo ke nan tun 1973. Dabararsa mai sauƙin faɗa ce: a haɗa hasken da ya zo da wani ɗan haske na gida wanda aka daidaita shi yadda zai kashe ɗaya daga cikin saƙonnin biyu gaba ɗaya, ɗayan kuma ya ninka tsayin igiyarsa, ƙwayoyinsa su ninka sau huɗu. Idan idon ya buga, an san ba saƙon da aka kashe ba ne. Idan ya yi shiru, sai a ce shi ne. A takarda, kuskuren Kennedy a ƙwaya ɗaya 9 ne cikin 1,000, wato ya fi homodain nesa ba kusa ba, kuma ninki biyu kawai yake na iyakar Helstrom. A ƙwaya 0.2 kuwa kuskurensa 225 ne, homodain ta fi shi. Hanyoyin biyu suna haɗuwa ne wajen ƙwaya 0.4 a ɗigo. Littafin da ya zo da akwatin ya kawo wannan lissafi daidai, kuma na yaba masa a kan haka.

Ta fuskar ƙira ba ni da ƙorafi. Mariƙan madubai na ƙarfe ne masu nauyi, kusoshin juyawarsu suna tafiya a hankali ba tare da sako-sako ba, kuma babu abin da ya fashe duk da doguwar hanyar da akwatin ya biyo. Kwana uku muka yi muna daidaita hanyoyin haske biyu kafin su hau kan juna. Miliwat ɗaya na wannan jan haske yana ɗauke da ƙwayoyi kusan miliyan dubu sau miliyan uku a daƙiƙa, mu kuma muna son ƙwaya ɗaya a kowane kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, don haka sai da muka jera gilasai masu duhu har hasken ya ragu sau fiye da miliyan dubu uku. Daren da muka fara kunna idon ba zan manta da shi ba. Mun toshe taga da bargo, mun cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, mun lulluɓe teburin da baƙin yadi ninki uku da na sayo a babbar kasuwa, muka zauna cikin duhu muna kallon lambobi a kwamfuta. Da abokin aikina ya sa yatsa ya tare hasken, sai lambobin suka faɗo ƙasa, da ya janye suka tashi, da muka juya takun hasken gida kuma sai muka ga ƙidayar tana nutsewa tana tasowa kamar numfashi. Shekara goma sha ina koyar da cewa haske igiya ne kuma ƙwaya ne, amma sai a wannan dare na ga abubuwan biyu a teburi ɗaya. Gani ya kori ji.

Daga nan ne kuma iyakokin suka fara bayyana, na farkonsu shi ne kason da idon ke kamawa. Takardar kayan ta ce yana kama kusan kashi 65 cikin ɗari na ƙwayoyin da suka iso gare shi a jan haske, adadin da ya dace da abin da aka sani game da idanun silikon. Kowane madubi da kowane gilashi a hanya yana cin nasa rabo, don haka ko da an yi wa akwatin adalci, a ce kashi 60 ne ke shiga lissafi. Ƙwayar da ta ɓace ba ta barin wata alama. Idon yana yin shiru, na'urar kuma tana ɗaukar shirun a matsayin amsa. Da wannan asara kaɗai, ba tare da wani aibi ba, kuskuren Kennedy a ƙwaya ɗaya yana tashi daga 9 zuwa 45 cikin 1,000, alhali iyakar da aka ce za a zarce tana nan a 23. Da matsalar ta tsaya a nan, da akwai mafita, domin lissafi ya nuna cewa idan aka ƙara hasken ya wuce ƙwaya huɗu a ɗigo, ido mai kama kashi 60 zai iya shiga gaban homodain da ɗan kaɗan.

Wannan tunani ne ya zo wa wata ɗalibata ta ajin ƙarshe, ɗaya daga cikin waɗanda muke gayyata ranar Asabar. Ta dubi jadawalin da ke allo ta ce, “Mushe, tunda rashin ƙwayoyi ne ke kawo kuskure, me zai hana mu cire gilashi ɗaya mu ƙara hasken?” Na ce mata, “Cire da hannunki, ƴata, mu gani.” Ta cire, muka sake daidaitawa, muka bar kwamfuta ta aika saƙonni ta ƙirga. Kuskuren ya sauka da farko, ya tsaya, sa'an nan ya koma hawa. Ta yi shiru tana kallon allon, kuma a ganina wannan shirun ya fi duk darasin da na taɓa bayarwa a kan wannan babi.

Dalilin shi ne iyaka ta biyu, wadda ta fi ta farko tsanani, wato tsabtar haɗuwar hasken biyu. Dabarar Kennedy gaba ɗayanta ta dogara ne a kan cewa saƙo ɗaya zai mutu murus. Kafin haka ta faru, dole igiyoyin biyu su dace a faɗi, a siffa, a karkata, a ƙarfi da kuma taku. Idan dacewar ta kai kashi 98 cikin ɗari, abin da mu muke samu a dare mai kyau bayan doguwar daidaitawa, to ɗan abin da ya rage yana yoyo zuwa idon, kuma yoyon yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar hasken. Ga yadda lissafin yake da kama kashi 60 da dacewa kashi 98: kuskure 58 cikin 1,000 a ƙwaya ɗaya, 28 a ƙwaya biyu, 35 a ƙwaya uku, 46 a ƙwaya huɗu. A daidai wannan wuri na ƙarshe, cikakkiyar homodain tana kuskure 3 ne kacal cikin 100,000. Gaba kura, baya sayaki: a rage haske idon ya rasa abin kamawa, a ƙara haske yoyon ya cika shi da bugun ƙarya. Idon namu bai san bambanci tsakanin ƙwaya ɗaya da ƙwaya goma ba, bugu ɗaya yake yi wa duka, shi ya sa ba shi da hanyar gane cewa wannan ɗan yoyo ne, wancan kuma saƙo ne na gaske. Babu wani ƙarfin haske, ko ɗaya, da wannan akwati ke sauka ƙasa da iyakar da aka yi mana alkawari.

A nan Maradi ma kai wa kashi 98 ɗin aiki ne. Rabin tsawon igiyar wannan haske nanomita 316 ne, abin da silin gashin kai ya fi shi kauri sau fiye da ɗari, kuma motsin madubi da ya canza tsawon hanyar hasken da wannan gwargwado ya isa ya mai da sifili ya zama ɗaya. Duk babbar motar da ta wuce a titi muna ganinta a lambobi kafin ƙararta ta gushe, haka ma ƴan kabu-kabu idan suka bi ta bayan katanga. Fanka ba ta kunnuwa lokacin awo, domin iskarta tana kaɗa hanyar hasken. Wani dattijo mai faci a bakin hanya ne ya taimake mu da tsohon tiyub na mota. Muka hura shi rabi, muka ɗora faranti mai yashi a kansa, muka ɗora allon gwajin a kan yashin, kuma wannan ya rage girgizar sosai. A watan Janairu ƙurar hunturu ta shiga duk da yadin, ta kwanta a madubai, dacewar ta riƙa raguwa daga mako zuwa mako har sai an goge. Akwatin yana da madubi mai motsi da lantarki na gyara taku, kuma yana aiki, amma manhajarsa tana tsayar da awo ne ta gyara sa'an nan ta ci gaba, a ranar iska kuwa lokacin gyara ya kan fi lokacin awo.

To ta ina kamfanin ya samo jimlarsa? Na sami amsar a shafi na kusa da ƙarshe na littafin, a ƙaramin rubutu ƙarƙashin wani zane. Layin da suka kira iyakar yau da kullum ba na cikakkiyar homodain ba ne, na homodain ce da aka ɗauka ita ma tana kama kashi 60 kacal. Irin wannan gurguwar homodain tana kuskure 61 cikin 1,000 a ƙwaya ɗaya, akwatin kuma yana yin 58, sai a ce an zarce. Masu bincike su kan yi irin wannan kwatanci a takardunsu don nuna cewa dabarar tana tafiya bisa ƙa'ida, kuma su kan faɗi a fili cewa gyararren layi ne. Amma ba daidai ba ne a ɗauko shi a sa a talla ba tare da wannan bayani ba, musamman da yake idanun da homodain ke amfani da su ba sa ƙidayar ƙwaya ɗaya ɗaya, kuma samun masu kama fiye da kashi 90 a cikinsu ba abin wahala ba ne. An ɗaure wa abokin tsere ƙafa ne aka ce an riga shi. Wannan ya ɓata mini rai, domin malamin da bai zauna ya yi lissafin da kansa ba zai tsaya gaban ɗalibai ya gaya musu abin da ba haka yake ba, da zuciya ɗaya.

Sauran aibobin idon ƙanana ne idan aka gwada su da waɗannan biyu. Yana bugawa jefi-jefi ko a cikin cikakken duhu, abin da ake kira ƙidayar duhu, amma bugu 100 a daƙiƙa yana nufin sau ɗaya cikin ɗigo 10,000 idan tsawon ɗigo kashi ɗaya cikin miliyan ne na daƙiƙa, kuma wannan bai kai ya dame mu ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40, ɗan abin sanyayawar da ke jikin idon ya kan gaza riƙe sanyinsa da la'asar, ƙidayar duhu ta hau, don haka muka mai da awonmu bayan sallar asuba, a kan batirin farantan hasken rana saboda kada ɗaukewar wuta ta yanke mana aiki. Bayan kowane bugu idon yana suma na ƴan nanodaƙiƙa gomomi, wani lokaci kuma ya sake bugawa ba dalili kamar amsa-kuwwa. Gargaɗi ɗaya da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a murfin akwatin, ba a tsakiyar littafi ba, shi ne hasken ɗaki na iya lalata idon idan yana kunne.

Inda akwatin ya faranta mini rai fiye da zatona shi ne wurin da littafinsa bai ma yi maganarsa ba. Idan hasken yana da rauni sosai, kashe saƙo ɗaya murus ba shi ne mafi alheri ba. Gara a ƙara hasken gida ya ɗan wuce misali, a yarda da ɗan bugun ƙarya domin a rage yawan shirun ƙarya. A takarda, wannan gyara yana sauko da kuskuren ƙwaya 0.2 daga 225 zuwa 163 cikin 1,000, ƙasa da 186 na homodain, kuma Christoffer Wittmann da abokan aikinsa sun nuna shi a ɗakin gwaji a Jamus a 2008. Mu ba mu kai 163 ba saboda asarar da na bayyana, amma mun ga siffar abin sarai: muna ƙara hasken gida kaɗan-kaɗan kuskuren yana sauka, ya kai wani kwari, ya sake hawa. Duk wanda ya sayi akwatin ya gwada wannan, domin canza gilashi ɗaya kawai yake bukata.

Abin da ba zai yiwu da shi ba sam shi ne na'urar Dolinar. Samuel Dolinar, shi ma a MIT kuma a wannan shekara ta 1973, ya nuna cewa ana iya kai wa iyakar Helstrom cif idan hasken gida yana canzawa a cikin ɗigon kansa: a fara da zato ɗaya, duk lokacin da idon ya buga a juya zaton nan take, ƙarfin hasken gida kuma ya riƙa raguwa bisa wani tsari yayin da tabbaci ke ƙaruwa. Wannan yana bukatar lantarkin da zai ji bugu, ya yanke shawara, ya juya taku, duk kafin ɗigon ya ƙare, kuma tsarin a takarda yana neman hasken gida marar iyaka a farkon ɗigo idan saƙonnin biyu suna da rabo ɗaya. Sai a 2007, bayan shekara 34, Cook da Martin da Geremia suka gina ta a jami'ar New Mexico. Allon akwatinmu yana rubuta bugu ne ya miƙa wa kwamfuta, ba shi da hanyar mayar da umarni cikin wannan sauri, kuma kamfanin bai yi iƙirarin haka ba.

Waɗanda suka zarce iyakar da gaske, ba tare da gyara layi ba, sun yi ne da wasu irin idanu ko wasu dabaru. A 2011 Kenji Tsujino da abokan aikinsa a Japan sun yi haka da ido mai kama fiye da kashi 90, na irin ƙarfen da ke rasa duk wata turjiya ga lantarki idan ya yi sanyi, wanda ke aiki a ɗan ɓurɓushin digiri sama da ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifili. A 2013 Francisco Becerra da abokansa a NIST, cibiyar ma'aunai ta Amurka, sun zarce iyakar wajen raba yanayi huɗu, ta hanyar yanka ɗigo gida-gida da gyara zato bayan kowane yanki, amma ko su ba su taɓa layin Helstrom ba. Dangin idanu masu sanyi irin na Tsujino ne hukumar NASA ta ɗora a babban madubin hangen taurari na Hale da ke Palomar a Amurka don karɓar saƙon leza daga kumbon Psyche da aka harba a watan Oktoba na 2023. Firjin da ke riƙe su kaɗai ya fi ƙarfin aljihun malamai huɗu. Na kawo wannan ne don mai saye ya san cewa tazarar da ke tsakanin akwatin makaranta da waɗancan ɗakunan gwaji ba ta ƙwazo ba ce, ta kason kamawa ce da tsabtar haɗuwa, kuma kowace ɗaya tana da farashinta.

Akwai wani amfani da ban yi tsammani ba. Kasawar raba yanayi biyu masu tarayya ita ce ginshiƙin tsaron mabuɗin sirri na kwantum; tsarin da Charles Bennett ya kawo a 1992 yanayi biyu kacal yake amfani da su, kuma abin da ke kare shi shi ne mai saurare a ɓoye ba zai iya sanin wanne aka aiko ba tare da yin kuskure ko barin sawu ba. Ɗaliban da suka ga kuskuren ya ƙi sauka a allonmu sun fahimci wannan cikin minti kaɗan. Sai dai kada wani ya sayi akwatin da nufin jona shi da igiyar fiba ta sadarwa, domin ita tana aiki ne a nanomita 1,550, silikon kuwa ba ya ganin hasken da ya wuce kusan nanomita 1,100.

Game da hulɗa da kamfanin, sun amsa wasiƙunmu uku na farko cikin kwana biyu-biyu, kuma da wani gilashi ya zo da tabo sun aiko da wani ba tare da gardama ba, ko da yake ya yi mako shida a hanya. Littafin da Turancin Ingilishi kawai yake, abin da ya wahalar da biyu daga cikinmu da suka yi karatunsu da Faransanci, har sai da na zauna na fassara musu babi huɗu da hannu. Malamin da ke son ɗalibansa su ga ƙwayar haske, su ga igiyoyi suna kashe juna, su kuma bi sawun kowane kuskure har inda ya fito, akwatin ya cancanci kuɗinsa, muddin yana da ɗaki mai duhu, tebur marar girgiza da haƙurin daidaitawa. Wanda kuma jimlar talla ce ta ja shi, to cinikin biri a sama zai yi.

Wasiƙa ta huɗu ita ce wadda na aika musu da lissafin da ke sama, na roƙe su su zana layi biyu a littafin, na cikakkiyar homodain da na gyararriya, kowanne da sunansa, su kuma cire kalmar zarcewa daga talla. Sun amsa cewa sun miƙa wa masu rubuta littafin, kuma yau mako biyar ke nan. Ruwan farko ya sauka a Maradi shekaranjiya, ƙura ta kwanta, mun goge madubai, kuma ranar Asabar bayan asuba za mu sake auna dacewar mu ga ko za ta haura kashi 98.